Zagin iyaye ga 'ya'yansu

Zagin iyaye ga 'ya'ya nau'i ne na cutar da yaro da baki. Ya ƙunshi ashar, gori, tsawa mai firgitarwa, laƙaba masa suna irin su daƙiƙi ko ɗan banza, yi masa baki, da barazanar korarsa daga gida. Ba ɗaya yake da tsawatarwa ba. Mai tsawatarwa laifin yake nunawa: "kada ka ƙara taɓa wuƙar nan." Mai zagi kuwa yaron kansa yake kushewa: "kai dai ba za ka taɓa yin hankali ba." Sashe na 19 na yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ya wajabta kare yaro daga azabtar da zuciyarsa kamar yadda ake kare jikinsa.

A 2013 Ming-Te Wang na Jami'ar Pittsburgh da Sarah Kenny suka fitar da sakamakon bibiyar iyalai 976 a Amurka. Yaran da suka sha zagi suna da shekara 13 sun ƙara rashin ji da alamun ciwon damuwa zuwa shekara 14. Abin kuma zagaye yake yi: rashin jin yaro yana ƙara tunzura iyaye, zagin yana ƙara kangarar da shi. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne, nuna wa yaro ƙauna a sauran lokuta bai goge illar ba.

Yaron da aka daka wa tsawa tsoro ne ke cika shi, ba darasin ba. Zai daina abin nan take, shi ya sa iyaye ke zaton dabarar ta ci. Daga baya sai ya koyi ɓoye laifi da ƙarya, ko ya huce a kan ƙannensa. Wani kuma ya yi shiru a aji, ko da ya san amsa ba zai ɗaga hannu ba. A 2009 tawagar Martin Teicher ta Jami'ar Harvard ta ga bambanci a jijiyoyin da ke haɗa sassan magana na ƙwaƙwalwar matasan da suka tashi cikin zagi.

Masana tarbiyya sukan ba da shawarar a bari fushi ya sauka tukuna, a durƙusa daidai tsayin yaron, a faɗi laifi guda a gajarce, a sa hukuncin da za a iya cikawa, kamar hana shi fita wasa a yammacin ranar. Barazanar da ba a cikawa ita ce ta fi saurin zubar da kwarjinin maganar uwa ko uba.