Waiwaye: Kunama marar wutsiya ba jiya ta zo ba

Duk sanda aka ce masana sun gano sabon jinsin ƙwaro a wani tsibiri, gardama iri ɗaya ce ke tashi a majalisunmu na Kaduna. Kwanan baya a teburin mai shayi a Tudun Wada, wani dattijo ya miƙo mini wayarsa. Hoton wata halitta ce mai hannaye sak na kunama, amma babu wutsiya. Ya ce, "Malam, wai sabuwa ce. Yanzu ta tsiro, ko dai hanyar cin kuɗin bincike ce?" Na ce, "Baba, ta girme mu duka, sunan ne kawai sabo."

Wannan halitta, da Turawa ke kira pseudoscorpion, dangin gizo-gizo ce, ƙafafunta takwas, tsawon akasarinsu milimita 2 zuwa 8. Ba ta da harbi, ba ta cutar da mutum. Tun zamanin Girkawan farko masanin falsafa Aristotle ya ambaci wadda ake samu a cikin littattafai tana farautar ƙwarin da ke cin takarda. Masanin kimiyya ɗan Ingila Robert Hooke ya zana ta a 1665, Linnaeus, masanin rarraba halittu, kuma ya raɗa mata suna a 1758, ya jera ta cikin dangin kaska. Wannan ɓangaren ana yawan maimaita shi.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne labarin mazurari. Kafin 1905, mai neman waɗannan halittu sai ya durƙusa, ya ɗaga dutse ko ya ɓare ɓawon itace, ya zura ido. Abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba, launinsa na ƙasa, da an taɓa shi sai ya ja da baya ya shige tsaga: nawa mutum zai kama a wuni guda? A shekarar ce wani masanin ƙwari ɗan Italiya, Antonio Berlese, ya fito da dabara. A ɗora rariya a bakin mazurari, a zuba ruɓaɓɓen ganye da ƙasa a kai, a ɗumama da ruwan zafi. Ganyen na bushewa, ƙwarin na gudun zafi suna gangarawa, har su faɗa cikin kwalbar sinadari da aka tara a ƙasa. A 1918 Albert Tullgren na ƙasar Suwidin ya sauƙaƙa aikin, ya rataya ƙwan lantarki a sama maimakon ruwan zafin.

A ganina nan ne komai ya juya. Daga lokacin, ba kaifin idon mutum ke aiki ba, ƙwaron ne da kansa ke kawo kansa. Mai bincike ya sauka a tsibiri, ya cika buhu da shara, ya kunna fitila, bayan 'yan kwanaki ya zo ya duba kwalba. Kayan aikin ma, in ka lura, babu wanda ba za a samu a Kasuwar Bacci ba.

Sai samfura suka yi ta tuɗaɗa gidajen adana kayan kimiyya. Joseph Chamberlin a Amurka ya tsara dangin waɗannan halittu a 1931. Max Beier na birnin Biyana ya shafe shekaru yana raɗa sunaye, shi ne a 1961 ya bayyana babbar cikinsu, mai kai milimita 12, daga wani ɗan tsibirin tsuntsaye kusa da tsibirin Ascension a tekun Atlantika. Tsibirai na da yawan jinsunan da babu su a ko'ina, domin wannan halitta kan maƙale a ƙafar ƙuda ko wani ƙwaro mai tashi ta yi tafiya, kuma wadda ta sauka a tsibiri ta rabu da danginta ke nan, zuriyarta ta ɗauki tata kama. Yau jinsunan da aka sani sun haura 3,000.

Matsalar ita ce mazurari ya fi masana sauri. Tara samfuri aikin mako guda ne, amma ƙirga gashin hannun ƙwaro a ƙarƙashin madubin ƙara girma, a gwada shi da bayanan magabata, sai ƙwararre, su kuwa ba su da yawa a duniya. Shi ya sa kwalba kan yi shekaru a kan kanta kafin a kai gare ta, sannan a ji labari a ce "sabuwa".

Dattijon ya karɓi wayarsa, ya tambaya ko akwai irinta a nan. Na nuna masa ganyen da ya taru a gindin mangwaron da muke zaune. Yaron mai shayin ya ce kullum da safe yake share shi ya cinna masa wuta.