Fentin hoda a kan kayan mota masu tsatsa

Fentin hoda hanya ce ta rufe ƙarfe da busasshen garin fenti maimakon fentin ruwa. Ana fesa garin da bindigar da ke ɗora masa cajin lantarki, ya manne wa ƙarfen, sannan a gasa a tanderu har ya narke ya zama fata guda mai tauri. A mota an fi yi wa wili, ƙafafun ƙasa, marfin inji da ƙarafan da ke riƙe kaya.

Tarihi

Ana danganta farkon fasahar da wani Ba'amurke, Daniel Gustin, wajen shekarar 1945. A farkon shekarun 1950 Bajamushe Erwin Gemmer ya fito da hanyar tsoma zazzafan ƙarfe cikin garin da iska ke motsawa daga ƙasa, sai dai fatar kan yi kauri sosai. Feshi da cajin lantarki ya bayyana a Turai a farkon shekarun 1960, kuma akan ambaci kamfanin Sames na Faransa cikin waɗanda suka fara ƙera bindigarsa.

Gyaran ƙarfe kafin feshi

Nan ne aikin yake. Hoda ba ta kashe tsatsa, rufe ta kawai take yi, ita kuwa tsatsar ta ci gaba da cin ƙarfe a ƙarƙashi har fatar ta ɗaye. Ana fara wanke mai da giris, a cire boris da bushin da duk wata roba, domin ba sa jure wuta. Hanya mafi kyau ita ce kankare ƙarfen da feshin tsakuwar gogewa. A guji yashi zalla, ƙurarsa na lalata huhu. Mai ƙaramin ƙarfi kan jiƙa kayan cikin ruwan khal, ko cikin ruwan sodar wanki da aka haɗa da cajar batir, ya bi da burushin waya.

Bayan tsatsa ta tafi sai ramukan su fito fili, ƙarfen ya yi kamar fuskar mai zanzana. Kaurin hoda yawanci bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, saboda haka tana bin ramin ne, ba ta cike shi. Filar cike rami da masu gyaran jikin mota ke amfani da ita ba ta dace ba: ba ta ɗaukar lantarki, kuma tana kumbura a tanderu. Akwai fila mai garin alminiyom da aka yi domin zafi. Wasu kan fesa shimfiɗar farko mai tutiya, su gasa rabin gashi, su goge da sanfefa, sannan su ɗora launi. Mafi arha kuwa shi ne zaɓar hoda mai kaushin fuska, wadda ke ɓoye ramuka, yayin da mai sheƙi ke tona kowane ɗaya. Ƙarfen da tsatsa ta ci har ya sirance, musamman mai ɗaukar nauyin mota, canji yake bukata.

Kayan zubi, irin su alminiyom, kan riƙe mai da iska a cikinsu. Ana fara gasa su babu hoda, in ba haka ba fatar ta fito da ƙuraje.

Gashi

Yawancin hoda na nuna a kusan digiri 200 na Salsiyas cikin minti 10 zuwa 20, ana fara lissafi daga lokacin da ƙarfen kansa ya kai zafin. Tsohon tanderun lantarki ya isa ƙananan kaya, amma ba a sake dafa abinci a cikinsa. Dole a sa takunkumin hanci.

Ire-iren hoda

Efoksi na hana tsatsa amma rana na kashe launinsa. Foliyesta ta fi jure rana.

Saɓani

Ana jayayya kan ko zafin gashi na raunana wilin alminiyom. Wasu masu ƙera wili sun hana, wasu masu fenti kuma suna amfani da hodar da ke nuna a ƙaramin zafi.