Mece Ce "Ibrahimiyya"? Kalmar Da Ta Kawo Wani Uba Har Ƙofar Ajina

Ranar Litinin wani dattijo mai fataucin shanu a Oko-Oba ya same ni a makarantar da nake koyarwa a nan Agege, riƙe da littafin rubutun 'yarsa. Ko zama bai yi ba ya buɗe shafin, ya ɗora yatsa kan layin da na sa suka kwafa daga allo: addinan da ke danganta kansu da Annabi Ibrahim uku ne, Yahudanci da Kiristanci da Musulunci. Ya ce, "Malam, ashe Ibrahimiyyar nan da ake faɗa har ta iso ajinku?" Muryarsa na rawa.

Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Kalmar ta cika WhatsApp da rediyo da wasu majalisun wa'azi, kuma kusan duk mai faɗinta abin da yake nufi guda ne: an ƙirƙiro sabon addini da zai haɗiye ukun, kuma ta kan yara za a fara. Ga shi muna Legas, inda irin wannan haɗin ba tatsuniya ba ne. Tun shekarun 1970 Tela Tella ya kafa ƙungiyar Ifeoluwa, wadda ke gwama ibadar Musulmi da ta Kirista, abin da ake kira Chrislam. Iyaye kuma ba su manta rigimar 2017 ba, lokacin da aka ta da jijiyar wuya kan cusa darasin addinin Musulunci da na Kirista ƙarƙashin inuwa ɗaya a manhajar makarantu, har sai da aka sake raba su. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu.

Sai dai abin da ya yayata kalmar siyasa ce. A ranar 15 ga Satumba 2020, a fadar shugaban Amurka, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Bahrain suka ƙulla hulɗar jakadanci da Isra'ila, aka raɗa wa takardar suna Yarjejeniyar Ibrahim. Magana ce ta jakadu da ciniki da jiragen sama, kuma ni har yau ɗaukar sunan Badaɗayin Allah a liƙa wa wannan harka yana ci mini rai. A 2023 kuma aka buɗe Gidan Iyalan Ibrahim a Abu Dhabi: masallaci da coci da majami'ar Yahudawa, gini uku a fili ɗaya, kowa da ƙofarsa da alƙiblarsa. Shaihul Azhar Ahmad al-Tayyib, wanda aka sa wa masallacin sunansa, tun 2021 ya fito ƙarara ya yi watsi da kiran narkar da addinan su zama ɗaya.

Abin da na rubuta a allo kuwa wani abu ne daban. Kalma ce ta rarraba abubuwa gida-gida, irin ta masana. In masanin harshe ya ce Hausa da Bolanci da Angas 'yan gida ɗaya ne, bai ce Bahaushe zai ji Angas ba, bai kuma ce a dama su a fitar da sabon yare ba. Asali kawai ya nuna.

Amma ba masu tsoron ne suka fi damuna ba. Waɗanda suka fi damuna su ne masu hawa rediyo da kyakkyawar niyya suna cewa ai uba ɗaya ne, duk abu ɗaya ne. Wannan ba gaskiya ba ne, kuma yaro ɗan shekara 13 yana gane haka cikin minti biyar. Ni da idona na gani. Ana saura mako biyu Babbar Sallah, raguna sun cika kasuwar Alaba Rago, na tambayi aji wane ɗa aka umarci Annabi Ibrahim ya yanka. Yaran Musulmi suka haɗa baki, "Isma'ila!" Wata yarinya Kirista a layin gaba ta ce a hankali, "Ishaku." Aji ya yi tsit, kowa na kallon ɗan'uwansa kamar an kama shi da satar amsa.

Babu wanda ya ƙirƙira a cikinsu. Littafin Farawa, na farko a Baibul, sura 22 ya ambaci Ishaku da suna, a ƙasar Moriya. Alƙur'ani a Suratus Saffat, daga aya ta 102, ya kawo mafarkin da miƙa wuyan yaron bai faɗi sunansa ba. Jumhurun malamai sun ce Isma'ila ne, ɗaya daga hujjojinsu kuwa shi ne bushara da Ishaƙa ta zo bayan ƙissar, a aya ta 112, ko da yake Imam Ɗabari ya karkata ga Ishaƙa. Ku bi ragon ma ku gani. Mu mukan yanka shi mu raba naman. Bayahude yakan karanta labarin a bikin shiga sabuwar shekararsu, ya busa ƙahon rago. Kirista kuma yana ganin labarin ishara ce ga gicciyen Yesu, wanda Musulmi bai yarda ya faru ba.

Haka shi kansa Ibrahim ɗin. A wurin Bayahude kaka ne na jini, mai alkawarin da alamarsa kaciya ce a rana ta takwas. A wurin Kirista, kamar yadda Bulus ya rubuta wa Galatiyawa a wasiƙarsa da ke cikin Baibul, 'ya'yan Ibrahim su ne masu bangaskiya. A wurinmu kuma Suratu Ali Imrana aya ta 67 ta yanke magana: Ibrahim bai kasance Bayahude ko Banasare ba, ya kasance mai karkata ga gaskiya, Musulmi. Wannan ita ce millatu Ibrahim da muka taso muna ji a makarantar allo, kuma tana nesa da Ibrahimiyyar 'yan siyasa nisan sama da ƙasa.

Shi ya sa nake amfani da kalmar sau ɗaya, ranar farko, sannan in ajiye ta in shiga bambance-bambancen. Yaran nan a motar danfo ɗaya suke zuwa, famfo ɗaya suke ɗiba. Da yawansu kafin darasin sun ɗauka "Bayahude" zagi ne kawai da ake yi wa mugu, ba su san mutane ne masu addu'a sau uku a rana da hutun Asabar ba. Na fi son ɗiyar dattijon nan ta ji abin da maƙwabciyarta ta yi imani da shi daga bakin da ba zai ƙara gishiri ba, kuma ta iya faɗin nata da hujja, ba da ihu ba.

Duk wannan na zayyana wa dattijon muna tsaye a baranda. Ya daɗe yana kallon shafin, sannan ya miƙo mini ya ce in rubuta masa ayar Ali Imrana a ƙarƙashin layin, da hannuna. Na rubuta. Na shaida masa mako mai zuwa darasin Juma'a da Asabar da Lahadi za mu yi, kuma akwai benci a bayan aji. Ya ce in tirelar shanunsa ba ta iso daga Arewa a ranar ba, zai zo.