Dan Allah ku daina ɗaura ɗanyar tafarnuwa a jiki

Jiya da hantsi aka kawo min wata yarinya wurin aikina a asibiti, shekarunta ba za su wuce huɗu ba, an naɗe mata damtse da tsumma. Tun kafin in kwance, warin ya riga ya gaya min abin da zan tarar. Ina kwancewa kuwa sai ga fatar wurin ta tashi ta yi bororo, gefe ɗaya ya fashe yana tsatstsafar ruwa, faɗinsa kamar murfin kwalba, tsakiyar ja wur. Na ce Mama me aka sa mata? Ta ce wai makero ne ya fito mata, aka ce a daka tafarnuwa a ɗaura a bari ta kwana. Na ce to ba ta yi kuka ba? Ta ce ai Malama kwana ta yi tana ihu, amma an ce min zafin nan shi ne alamar maganin yana aiki.

Ban mata faɗa a gaban 'yarta ba, don na ga idonta, ita ma ba ta runtsa ba, kuma na san so ne ya sa ta yi. Amma wallahi raina ya ɓaci, ba da ita ba, da wanda ya ba ta shawarar ya koma ya yi barcinsa. Makeron da man shafawa na clotrimazole zai kashe cikin sati biyu zuwa huɗu, yanzu ya koma ƙuna da za mu yi ta wankewa muna sauya bandeji, kuma da ƙyar in ba ta bar tabo ba. Makeron kuma yana nan a gefe abinsa, ko gezau.

Ba ita ce ta farko ba, shi ya sa na ce yau sai na yi magana. Ɗanyar tafarnuwa tana ƙona fata. Ƙuna irin ta gaske nake nufi, wadda ake gani kamar an watsa wa mutum tafasasshen ruwa. Idan aka daka ta aka ɗora aka rufe da filasta ko tsumma ko leda, to an haɗa mata duk abin da take buƙata, ba iska, ga gumi, ga lokaci. Fatar yaro da ta tsoho ba sa jure ko ɗan lokaci kaɗan, masu ciwon suga kuwa wasu ba ma sa jin zafin a ƙafa sai gari ya waye a ga ɓarna, kuma ciwon ƙafar mai suga kowa ya san ba ya warkewa da wuri.

Kar wani ya ce na tsani tafarnuwa. Ni ko girki ba na iya yi babu ita. Abu ne mai albarka, tun zamanin Misira ta dā ake rubuta ta cikin magunguna, tana cikin wata tsohuwar takardarsu ta magunguna da ake kira Ebers, wadda aka rubuta wajen shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma yau duniya gaba ɗaya ake cinta, China kaɗai ita ke noma fiye da rabin wadda ake ci. Gaskiya ne kuma tana kashe ƙwayoyin cuta a cikin kwanon gwaji. A 1944 wani masani a Amurka, Chester Cavallito, shi da abokin aikinsa suka ware sinadarin da ke wannan aikin, sunansa allicin. To ga inda mutane ba sa tsayawa su ji ƙarshen zance: wannan sinadarin babu shi a cikin sala lafiyayya, sai an yanka ko an daka sannan yake fitowa, makami ne da shukar ke kare kanta da shi daga ƙwari da ruɓa. Bai san wannan ƙwayar cuta ce wannan kuma fatar ɗanki ce ba, duk wanda ya tarar ci yake.

Har sunanta ma a wasu harsunan yana ban dariya idan na tuna. Turkawa suna ce mata sarımsak, sala ɗaya kuma su ce diş, wato haƙori, dunƙulen gaba ɗaya su ce baş, wato kai. A Turanci garlic ne, asalin kalmar daga gar yake, mashi kenan a tsohon Turanci, da leac, dangin albasa. Don kamanni suka sa mata sunayen, na sani, amma duk ranar da na kwance tsumma na ga abin da ta yi sai in ce lallai haƙori ne, ta ciza.

Tunda na ambaci haƙori. Wani bawan Allah ya zo min kumatunsa a kumbure, ya buɗe baki na ga dasashi da cikin kunci sun yi fari fat sun saɓule. Ya tura sala ɗaya gefen haƙorin da ke masa ciwo ya kwana da ita a baki. Na ce Malam ina ka samo wannan? Ya ce a waya ya karanta an ce clove yana maganin ciwon haƙori, ya duba fassara ta ce masa salar tafarnuwa. Kun ga inda aka samu matsala, kalmar clove a Turanci abu biyu take nufi, salar tafarnuwa da kuma kanumfari, kuma wanda aka sani da ɗan kashe zafin haƙori kanumfari ne, shi Turkawa ke kira karanfil, kun ji ma sunan ya yi kama da namu don duk daga Larabci aka aro. Shi ma kanumfarin lallashi kawai yake, haƙorin da ya rube sai an cike shi ko an cire. Mutumin nan ya zo da ciwo ɗaya a baki ya mayar da shi biyu, kwana da kwanaki ba ya iya cin abu mai ɗumi.

Sai kunne. Haba jama'a, kunne fa! A fere sala a cusa, ko a matse ruwanta a ɗiga wa yaro. Ke da ba ki leƙa kin ga ko dodon kunnen ya huje ba, me kike ɗigawa? Idan ya huje ruwan nan ciki zai wuce. Idan salar ta gutsure ta maƙale kuma sai a ɗauko tsinke a yi ta tura ta gaba ana cewa ana cirowa. Hanci ma haka, a 2021 aka yi ta yayin bidiyo a TikTok ana cusa tafarnuwa a hanci, a cire sai majina ta zubo yuu a ce an warke. Ba warkewa ba ce, hancin ne ya fusata yake ƙoƙarin wanke kansa, ko barkono ka shaƙa haka zai yi.

Wanda ya fi ci min rai shi ne na 'yan'uwana mata. Matsi da tafarnuwa wai maganin sanyi. 'Yar'uwa, wurin da ko sabulu mai ƙamshi muke hana ki sawa, shi za ki cusa wa abin da ya iya tayar da bororo a damtse? Suna zuwa suna tafiya da ƙyar, fitsari ya zama azaba, wata kuma zaren da ta ɗaura ya tsinke salar ta tsaya a ciki, kunya ta hana ta faɗa sai da wari ya canza. Kuma ba kowane ruwa ko ƙaiƙayi ba ne iri ɗaya, wani na ƙwayar fungus ne, wani na bakteriya, wani kuma sai an haɗa da maigida an yi magani tare, in ba haka ba yau ki warke jibi ya dawo. Ba za ki gane wanne ne da ido ba, mu ma sau da yawa sai mun yi gwaji. Ki zo, ba wanda zai miki dariya, ba abin da ba mu gani ba, kuma abin da aka faɗa a ɗakin dubawa a nan yake tsayawa. Mai ciki kuwa ina roƙonki da girman Allah, komai aka ce ki cusa ki fara tambaya.

Abin da ke ɗaure min kai, kusan kowa da kalma ɗaya yake kare kansa, ai na gargajiya ne ba shi da illa, ai abinci ne. To barkono ma abinci ne, wa ya taɓa ɗiga shi a ido? Sai kuma ɗayar, wai zafi alamar aiki. Zafi alamar nama yana ƙonewa ne, babu wata cuta da ke fita. Yaron da ke ihu yana fizge hannu gaskiya yake gaya muku, ku kuma kun danne shi kuna cewa ya yi haƙuri.

Akwai kuma masu zuwa min da kwalba mai rubutun waje suna ji da ita. Wani dattijo ya ciro tasa daga aljihu a hankali kamar ƙwai, ya ce maganin Turkiyya ne aka kawo masa tsaraba yana ɗigawa a kunne. Na duba, an rubuta sarımsak yağı. Na ce Baba man tafarnuwa ne fa, yağ mai kenan. Ya yi shiru ya ce au, tafarnuwa dai tafarnuwa? Na ce ita dai. Don haka in kun ga garlic oil, ko garlic extract, ko sarımsak, ko Allium sativum a jikin kwali, duk ita ce, canjin suna bai cire mata haƙori ba. In kun ji mai bidiyo yana cewa raw ko crushed, ɗanya da dakakkiya yake nufi, wato daidai yanayin da ta fi ƙuna.

To ina amfaninta yake? A baki, ta hanyar ci. Ki ɓare, ki daka ko ki yanka, ki bar ta kamar minti 10 kafin ta shiga wuta, kar ki bari ta ƙone a mai don ɗaci take yi, in kina son ƙamshinta ya fito sosai ki zuba ta kusa da saukewa. Sala ɗaya ko biyu a rana cikin abinci ya wadatar. Bincike ya nuna tana ɗan rage hawan jini da kitsen jini ga wasu, ɗan ragewa na ce, ba ta kai a ajiye ƙwayar da likita ya rubuta ba, wannan ma wani faɗan ne na wata rana. Lokacin korona a 2020 sai da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito ta ce babu shaidar tafarnuwa na hana kamuwa, saboda yadda aka yi ta yaɗawa. Masu haɗiyar ta ɗanya da sassafe kafin su ci komai, in kana da olsa ko ƙwannafi kai ka san abin da kake ji, ba sai na faɗa ba. Mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin ko aspirin, ko wanda aka sa wa ranar tiyata, ya gaya wa likitansa in yana shan ƙwayoyin tafarnuwa, don tana ƙara tsinka jini, yawanci sai an dakata da su sati ɗaya zuwa biyu kafin aiki. Masu shan maganin HIV ma su tambaya, an tabbatar tana rage ƙarfin ɗaya daga cikin magungunan, mai suna saquinavir, a jini. Sannan masu jiƙa ta a mai su ajiye a kan kanta wata da watanni, wannan yana iya haifar da guba mai shanye jiki da ake kira botulism, a 1985 a Vancouver ta Kanada mutane sama da 30 suka kamu ta wannan hanyar. In an haɗa a sa a firji a cinye cikin kwana 4.

Na yi nisa, mu dawo. In an riga an ɗaura:

Cire ta yanzu yanzu, kar a jira gari ya waye.
A sa wurin ƙarƙashin ruwa mai sanyi yana zuba kamar minti 20, ban da ƙanƙara.
Kar a fasa bororon. Ban da man goge baki, ban da ƙwai, ban da toka, ban da wani mai.
A rufe da tsumma mai tsabta sakwa-sakwa a taho asibiti, musamman in yaro ne, ko mai suga, ko a fuska, ko a gaba.
Ta maƙale a kunne ko hanci ko gaba, kar a sa tsinke, mu muna da abin cirewa.
Zazzaɓi, mugunya, ko jan yana faɗaɗa, ranar za a zo ba gobe ba.

Kuma dan Allah in kun zo ku faɗi gaskiyar abin da aka sa. Sau nawa ake ce min wai haka kawai ya tashi da shi, alhali wari ya cika ɗaki. Ba kama ku zan yi ba, sanin abin da ya ƙona shi ne ke gaya min yadda zan wanke.

Makeron kai kuma tun da na tuna, wanda ke cinye gashin yara, shi man shafawa kaɗai ba ya kashe shi balle tafarnuwa, sai an sha magani irin su griseofulvin na makonni, a kuma daina haɗa mataji da hula da sauran yaran gida. Ita yarinyar jiya nata a damtse ne, na ce uwar ta dawo da ita jibi a sake wanki, sai ƙunar ta kame tukuna mu fara shafa na makeron.