Masu haɗa sabulu, ku raba soda da tukunyar alminiyam

Iyayena mata da 'yan uwana masu haɗa sabulu a Gusau, Talata Mafara, Anka da ƙauyukan da ke kewaye, Allah ya sa albarka a sana'a. Abu ɗaya ke tayar mini da hankali in na shiga gidaje wurin aiki: tukunyar da ake jiƙa soda a ciki, sau da yawa ita ce ake wankewa a ɗora tuwon dare.

Soda, wadda 'yan kasuwa ke kira kostik, tana cin alminiyam. In kin zuba ta a tukunyar alminiyam za ki ga ruwan ya ɗauki zafi, ƙananan kumfa na tasowa daga jikin tukunyar. Iskar haidirojin ce ke fita, kuma tana kamawa da wuta, don haka a yi nesa da murhu.

Ga inda ake ruɗuwa: ganin ruwan sodar garau ba ya nufin bai ci tukunyar ba. A ɗakin gwaje-gwaje na sakandare, in aka ɗiga soda kaɗan a ruwan da ke ɗauke da alminiyam, sai wani farin abu ya fito kamar kunun da bai dahu ba. Da an ƙara soda, farin ya ɓace, ruwa ya koma garau. Alminiyam ɗin yana nan daram. Kowace ƙwayarsa ta kama ƙwayoyi 4 daga na sodar, sun dunƙule sun zama abin da ke narkewa a ruwa, ido ba ya gani. Zinkin da ake shafe bokitin ƙarfe da shi haka yake yi, dalma ma haka. Baƙin ƙarfe kam ba ya yin hakan, nasa ba ya narkewa, zama yake yi a ƙasa.

Dalmar ce ta fi ba ni tsoro. Mu a Zamfara ba labari aka ba mu ba: a 2010 gubar dalma daga dutsen zinare ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. Tukwanen da ake zubawa da tarkacen injin mota da tsofaffin ƙarafa kan zo da dalma a gauraye. In soda ta cinye fuskar irin wannan tukunya, ta bar ta da ƙananan ramuka, me za mu ce game da abincin da za a dafa wa yaro a ciki?

Ki nemi bokitin roba mai kauri da muciya ta daban, ki ware su don sabulu kawai. Sodar ake zubawa cikin ruwa sannu-sannu, kada a kwara ruwa a kan soda. Ki sa safar hannu, ki yi aikin a tsakar gida inda iska ke kaɗawa.

Ruwan soda kamanninsa ɗaya da ruwan sha, kada a ajiye shi a gorar lemo ko kofi inda hannun yaro zai kai. In ya taɓa fata ko ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na aƙalla minti 20. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko ruwan tsami, a garzaya da shi asibiti tare da ragowar abin da ya sha.