Horar da ma'aikatan jinyar jarirai a haɗakar asibitocin shiyya

Horar da ma'aikatan jinyar jarirai a matakin shiyya tsari ne da asibitocin yanki guda ke haɗa kai a kansa, su riƙa koyar da nas-nas ɗinsu da manhaja ɗaya da ƙa'idojin aiki iri ɗaya, maimakon kowane asibiti ya yi gaban kansa. Jariran da ake nufi su ne waɗanda ba su wuce kwana 28 da haihuwa ba, musamman bakwaini, da masu ƙarancin nauyi, da waɗanda aka haifa da wata larura. Manufar ita ce jaririn da aka haifa a ƙaramin asibiti ya faɗa hannun da ya san aiki, kamar yadda zai samu da a babban asibitin koyarwa aka haife shi.

Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa jarirai kimanin miliyan 2.3 ne suka rasu a watansu na farko a shekarar 2022, kusan rabin duk yaran da suka rasu kafin su cika shekara biyar. Mafi yawansu ba sa wuce makon farko. A 2020 kuma an haifi bakwaini kusan miliyan 13.4. A waɗannan kwanaki masu wuya likita yakan zo ya duba ya wuce, amma ma'aikaciyar jinya ce ke tsaye a kan jaririn dare da rana.

Asali

Jinyar bakwaini a matsayin fanni na musamman ta fara ne a Faransa. Wajen 1880 likita Stéphane Tarnier ya shigo da kwalbar ɗumama jarirai asibitin haihuwa na birnin Paris, bayan ya ga na'urar ƙyanƙyasar ƙwai. A 1922 aka buɗe sashen bakwaini a asibitin Sarah Morris da ke Chicago a Amurka ƙarƙashin likita Julius Hess, kuma ma'aikaciyar jinya Evelyn Lundeen ce ta daɗe tana jagorantar sashen, ta kuma koyar da ɗimbin nas-nas yadda ake ciyar da bakwaini da kare shi daga sanyi da ƙwayoyin cuta. A Ingila likita Mary Crosse ta buɗe irin wannan sashe a Birmingham a 1931. Sashen kulawa mai zurfi na jarirai irin na zamani kuwa, ana danganta farkonsa da wanda likita Louis Gluck ya kafa a birnin New Haven na Amurka a 1960.

Akwai darasi mai ɗaci a wannan tarihi. A shekarun 1940 zuwa farkon shekarun 1950 an riƙa ba bakwaini iskar oksijin ba tare da awo ba, da zaton alheri ake yi musu, dubbai suka makance. Daga nan aka gane cewa na'ura a hannun wanda bai san iyakarta ba tana iya zama cuta. Yau a sassa da dama ana riƙe awon oksijin ɗin jinin bakwaini tsakanin kashi 91 zuwa 95 cikin 100, kuma ma'aikaciyar jinya ce ke ƙarawa tana ragewa.

Tunanin haɗa asibitoci shiyya-shiyya ya yi ƙarfi a Amurka daga 1976, lokacin da wani kwamiti ya ba da shawarar a kasa asibitocin haihuwa mataki uku gwargwadon abin da kowanne zai iya. Ingila ta bi wannan hanya bayan nazarin da ma'aikatar lafiyarta ta fitar a 2003, aka sake fasalin haɗakar a 2013.

Dalilin haɗakar

A tsarin mataki uku, ƙaramin sashe yana kula da jariran da ke buƙatar ɗumi da taimakon ciyarwa da sa ido. Matsakaicin sashe yana ɗaukar waɗanda suka fi haka rauni na ɗan lokaci. Babban sashe shi ke karɓar ƙananan bakwaini da masu buƙatar na'urar numfashi ta tsawon lokaci ko tiyata. Tsarin ya ceci rayuka, domin wanda ke ganin abu kullum shi ya fi iya shi. Amma ya haifar da wata matsala. Tunda ana tura mawuyatan larurori babban sashe, ma'aikaciyar ƙaramin asibiti takan yi watanni ba ta ga bakwainin da aka haifa a mako na 26 na ciki ba. Ita kuwa haihuwa ba ta sallama. Ranar da naƙuda ta kama mace farat ɗaya, babu halin kai ta nesa, wannan ma'aikaciyar ce za ta riƙe jaririn har motar ɗaukar jarirai ta iso, wani lokaci bayan sa'o'i.

Abin da ake buƙata daga gare ta a wannan lokaci ba shi da yawa a lissafi, amma kowanne yana da nauyin rai. Idan jariri ya fito bai yi kuka ba, za ta goge shi da busasshen zane, ta shafa bayansa. In har bai numfasa ba, cikin minti ɗaya ya kamata ta ɗora masa marufin fuska ta fara hura masa iska da jakar numfashi, idonta a kan ƙirjinsa. In ƙirjin bai ɗaga ba, sai ta gyara kwanciyar kansa, ta duba ko iska na fita ta gefen marufin, ta sake gwadawa. Bakwainin da bai kai mako 32 a ciki ba akan sa shi cikin leda mai tsabta daga wuya zuwa ƙafa tun kafin a goge shi, a sa masa hula, domin zafin jikinsa ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5. Sai awon sukarin jini, sai neman jijiya a hannun da bai fi ɗan yatsa kauri ba. Jaririn da ya sha wahalar rashin iska wajen haihuwa kuma, jinyar sanyaya jiki da ake yi masa ta sa'o'i 72 dole a fara ta cikin sa'o'i shida na farko, don haka gane alamun da kiran babban asibiti da wuri su ma ƙwarewa ce. Hannun da bai saba ba yakan yi rawa a irin wannan lokaci, kuma abin da horon shiyya ke son kawarwa ke nan.

Matakan ƙwarewa

Sabuwar ma'aikaciya takan fara da watannin sanin makamar aiki ƙarƙashin wata da ta riga ta. Bayan ta zauna da gindinta sai ta shiga kwas na musamman a fannin jarirai, wanda galibi jami'a ke ba da shaidarsa. A Ingila ƙa'idar ita ce kashi 70 cikin 100 na nas-nas masu rajista a kowane sashe su kasance sun yi wannan kwas. Ƙa'idar ta kuma tanadi nas ɗaya ga jariri ɗaya a kulawa mai zurfi, ɗaya ga biyu a matsakaiciyar kulawa, ɗaya ga huɗu a kulawa ta musamman. Daga nan hanya takan rabu: wasu su zama manyan ma'aikatan jinya masu yin ayyukan da a da likita kaɗai ke yi, kamar sa bututun numfashi da rubuta magani, horon da aka fara a birnin Southampton na Ingila a 1992, wasu su koma koyarwa, ko shugabancin sashe, ko ayarin jigilar jarirai, ko bincike.

Yadda ake koyarwa

Haɗaka takan ɗauki malaman jinya nata na kanta masu zagaya asibitoci. Suna shirya bita, suna rubuta ƙa'idoji na bai ɗaya, suna riƙe da kundin ƙwarewa wanda ma'aikaciya za ta tafi da shi in ta sauya asibiti, ba sai an sake gwada ta daga tushe ba. Amfanin ƙa'ida ɗaya yakan fito fili ranar jigila: in an haɗa ruwan magani da awo iri ɗaya a asibitocin biyu, kuskure yana raguwa wajen miƙa jariri.

Atisaye da 'yar tsana mai siffar jariri shi ne ƙashin bayan koyarwar, kuma ya fi amfani in an yi shi a ɗakin da ake aikin, da kayan da ke wurin, tare da ungozoma da likita. A nan ne ake gano cewa jakar numfashi tana cikin durowar da aka kulle, ko marufin fuskar da ke akwai ya yi wa bakwaini girma. Akwai kuma musayar ma'aikata, inda nas ɗin ƙaramin sashe ke yin makonni a babban sashe. Ya kamata musayar ta zama ta ɓangare biyu, domin ƙananan sassa sukan fi ƙwarewa a koyar da shayarwa da shirya iyaye komawa gida. Darussa ta intanet da zaman bitar larurorin da suka wuce, ba tare da neman wanda za a ɗora wa laifi ba, sun cike sauran.

Wasu kwasa-kwasai sun bazu a duniya. Shirin farfaɗo da jarirai na Amurka ya fara a 1987. A 2010 aka fito da wani mai sauƙi domin wuraren da kayan aiki suka yi ƙaranci, wanda ya ginu a kan minti na farko bayan haihuwa. Binciken da aka wallafa a 2013 daga asibitoci takwas a Tanzaniya ya nuna mutuwar jarirai a sa'o'i 24 na farko ta ragu da kashi 47 cikin 100 bayan wannan horo. Sai dai an sha ganin cewa ƙwarewar takan dusashe cikin 'yan watanni in ba a maimaita ba. Shi ya sa aka koma ga gajeren atisaye a kai a kai, na 'yan mintoci a bakin aiki, maimakon taron kwana uku a shekara.

Koyar da iyaye ma ya shiga manhaja. Goyon kangaru, wato ɗora jariri a ƙirjin uwa fata da fata, ya samo asali ne a Bogota ta ƙasar Kolombiya a 1978, lokacin da likita Edgar Rey ya rasa isassun kwalabe. Binciken da aka yi a Ghana, Indiya, Malawi, Najeriya da Tanzaniya, aka wallafa a 2021, ya nuna fara shi nan take bayan haihuwa ya rage mutuwar jarirai masu ƙarancin nauyi da kusan kashi 25 cikin 100, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa yin hakan. Ɗaga jariri mai ɗauke da wayoyi da bututu daga kwalba zuwa ƙirjin uwar da ke tsoron taɓa shi aiki ne da sai an koya.

Matsaloli

Babbar matsalar ita ce samun lokaci. Sashen da ke fama da ƙarancin ma'aikata ba zai iya sakin nas ta tafi karatu ba, kuma in aiki ya yi yawa malamar jinya ce ake fara janyewa ta koma riƙe jarirai. Ƙananan asibitoci, waɗanda suka fi bukatar horon, su ne abin ya fi shafa. A ƙasashe da dama kuma babu matsayin ma'aikacin jinyar jarirai a tsarin aikin gwamnati, sai a horar da mutum, bayan shekara a mayar da shi ɗakin manya, a kawo sabo. Wannan asara ce babba. Majalisar ma'aikatan jinyar jarirai ta duniya, wadda aka kafa a 2005, ta daɗe tana kiran a amince da fannin a matsayin ƙwarewa mai zaman kanta, a bar waɗanda aka horar a ɗakin jarirai. Burin Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne kafin 2030 kowace ƙasa ta rage mutuwar jarirai zuwa 12 ko ƙasa da haka a cikin kowane jarirai 1,000 da aka haifa da rai.