Waiwaye: Yadda Kogin Kwara Ya Tsayar da Runduna ta Biyu a Yaƙin Basasa

A duk ranar 15 ga Janairu, idan 'yan mazan jiya suka taru a Bauchi da Gombe domin tunawa da abokan aikinsu da suka kwanta dama, an fi ambaton kama manyan garuruwa irin su Enugu da Fatakwal. Ba kasafai ake tsayawa kan abin da ya faru a gaɓar kogin Kwara ba, alhali kuwa can ne Runduna ta Biyu ta sojojin Najeriya ta yi asarar kusan wata biyar da rayuka masu yawa.

Ranar 9 ga Agustan 1967 dakarun Biyafara suka ƙetara gadar Onitsha, suka mamaye jihar Yamma ta Tsakiya har suka kai Ore. Cikin gaggawa gwamnatin Yakubu Gowon ta haɗa sabuwar runduna, wato Runduna ta Biyu, a ƙarƙashin Murtala Mohammed, wadda da yawa daga cikin mutanenta sababbin ɗauka ne da ba su samu isasshen horo ba. Rundunar ta ƙwato Benin a Satumba, ta isa Asaba a farkon Oktoba, inda ta tarar an karya gadar da ta haɗa garin da Onitsha. A Asaba ne kuma sojojin tarayya suka kashe ɗaruruwan fararen hula ranar 7 ga Oktoba, abin da bai kamata a tsallake shi ba a kowane bayani na gaskiya.

Hedikwata a Legas ta ba da shawarar a zagaya ta Idah, inda duka gaɓoɓin biyu suke hannun sojojin tarayya, amma Murtala ya zaɓi a ƙetare kai tsaye da jiragen ruwa. Rukunin farko ya shiga Onitsha, sai dai ɗauki bai biyo bayansa ba, tsari ya lalace, kasuwar garin ta ƙone, dakarun Biyafara ƙarƙashin hafsoshi irin su Joe Achuzia suka juyo suka tarwatsa shi. Aka sake gwadawa har sau biyu, duka aka sha kashi. A ganina jarumtar Murtala ba abar musu ba ce, amma tura matasa cikin faffaɗan kogi zuwa gaɓar da aka girke bindigogi kuskure ne da ƙananan sojoji suka biya da rayukansu. Wanda bai san ruwan da ya wuce Gongola ba, ina zai nufa idan jirgi ya kife a tsakiyar Kwara?

Daga bisani aka koma ga shawarar farko. Rundunar ta ƙetare ta Idah, ta gangaro ta Awka, ta kama Onitsha a Maris na 1968. Kafin watan ya fita, aka yi wa ayarin motocinta na makamai da man fetur kwanton ɓauna a Abagana, wuta ta cinye mafi yawansu. Ba da jimawa ba Ibrahim Haruna ya karɓi jagorancin rundunar daga hannun Murtala.